Gidan motsa jiki a Birnin Kebbi: wa ke biya, kuma me yake saya?

Duk wanda ya zo da maganar buɗe gidan motsa jiki a Birnin Kebbi, da wuya ka ji bai fara da injuna ba: injin gudu nawa zai saya, keke nawa, a ina ake samun na hannu masu arha a Legas. Ni kuwa a ganina injin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi shawara a kansa. Sunan dai ɗaya ne, amma a ƙarƙashinsa akwai sana'o'i daban-daban, kowace da mai biyanta, da lokacin da yake biya, da abin da ke cinye ribarta. Wanda ya ɗauko tsarin wata ya ɗora a kan kwastomomin wata, jarinsa ne zai ji a jikinsa.

A fara da wanda ya fi ɗaukar ido a waya, wato katafaren zaure mai layin injuna, ga madubi bango guda, ga na'urar sanyaya ɗaki. Wannan nau'i yana rayuwa ne da kuɗin wata. A Amurka, kamfanin Planet Fitness, wanda aka kafa a 1992, ya yi shekaru yana karɓar dala 10 kacal a wata kafin ya mayar da shi dala 15 a 2024. A ƙarshen 2023 yana da mambobi miliyan 18.7 a rassa 2,575. Idan aka raba, kowane reshe ya tashi da mutum fiye da 7,000. Babu zauren da zai ɗauki mutum 7,000, ko da a ce rabinsu ne suka zo. Sirrin ke nan: an gina cinikin ne a kan sanin cewa mafi yawan masu biya ba za su zo ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi diddigin wannan a wani bincike da suka fitar a 2006. Sun tarar masu biyan sama da dala 70 a wata, zuwansu bai wuce sau huɗu da ɗan wani abu ba a watan, wato kowane zuwa ya tsaya musu sama da dala 17, alhali da tikitin shiga suka saya da dala 10 za su biya. Abin da ke riƙe da wannan tsari shi ne cire kuɗi kai tsaye daga asusun banki. Mutum ya daina zuwa tun watanni, amma kuɗin na fita, shi kuma yana cewa a ransa wata mai zuwa zai koma.

To, wa zai yi maka haka a Badariya ko Gesse? Mutumin nan namu da hannunsa yake biya, ko ya yi taransifa yana tsaye a gabanka. Ran da ya ga ba zai samu zuwa ba, magana ɗaya ce: "Koci, wanga wata ba ni zuwa, sai bayan Sallah." Shi ke nan, kuɗin wannan watan sun tafi. Ban ga laifinsa ba, gaskiyarsa ce. Amma ma'anarta ga mai jari ita ce, a nan babu ribar wanda bai zo ba. Duk nairar da za ta shigo, daga wanda ya zo ne ya hau injin, ya ja wuta, ya sha sanyi, ya bar gumi a kan kujera. Ribar da ke ɗauke da manyan kamfanonin Turai da Amurka, mu ba mu da ita ko kaɗan. Ko i-Fitness, wanda ya fara a Legas a 2015 ya bazu zuwa wasu manyan birane, ya dogara ne da unguwannin da ma'aikatan kamfanoni masu albashi mai kauri suka yi yawa. Birnin Kebbi gari ne na ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da manoma da ɗalibai, kuma mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne.

Ga kuma wuta. Injin gudu ɗaya, idan mai jiki na gudu a kansa, yakan ja kusan kilowat ɗaya, wani lokaci fiye. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya ma kusan haka take ja. A ƙaddara mutum ya zuba injin gudu biyar da na'urar sanyi huɗu, ga fitilu ga fanka, ya kai kilowat 10. Janareta mai ɗaukar wannan zai sha dizal lita 3 zuwa 4 a awa. Idan awa shida zai yi a rana, uku da safe uku da yamma, an kusa lita 20 ke nan, a wata kuma lita 600. Da lita ta haura naira 1,000, kuɗin mai kaɗai ya wuce 600,000. A ce yana karɓar 15,000 a wata daga kowane mutum, to mutum 40 na farko na mai gidan mai ne. Ba a zo maganar haya ba, ba a zo albashin koci da mai shara da maigadi ba. In kuwa layinsa na cikin rukunin Band A, wato na masu samun wuta mafi yawa, na kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kaduna, to tun watan Afrilun 2024 farashin kowane yunit ya haura naira 200. Sola na rage wannan nauyi sosai, kuma rana ba ta yi mana rowa ba, sai dai lokacin da mutane suka fi zuwa, bayan asuba da bayan magariba, shi ne lokacin da babu ranar. Dole sai da batura, su kuma jari ne na daban.

Sannan injin kansa ba a ƙera shi don ƙurar hunturunmu ba. Ƙura na shiga ƙarƙashin bel, ta taru a motar injin, wuta ta yi sama ta yi ƙasa ta ƙone allon lantarkin da ke ciki. Kayan gyaran daga waje suke zuwa, da dala ake saye, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun 2023. Mai gyaran ma sau da yawa sai an kira shi daga wani gari. Shi ya sa za ka shiga wuri ka ga injuna jere, biyu na aiki, sauran an lulluɓe su da zani. Wannan nau'i na iya tsayawa da ƙafarsa a babban birnin jiha, amma guri ɗaya ko biyu kasuwar za ta ɗauka, kuma sai mai shi ya haɗa da yarjejeniya da bankuna ko ma'aikatu waɗanda za su biya wa ma'aikatansu na shekara gaba ɗaya. In ba haka ba, shi ne mafi hatsari a cikin duka, duk da shi ne kowa ke mafarkin buɗewa.

Kishiyarsa shi ne wurin 'yan ɗaga ƙarfe, kuma shi ya fi daɗewa a garuruwanmu. Kango ne ko bayan wani shago, an yi rumfar kwano, ƙasa ba siminti. Bencin katako ne da aka lulluɓe da tsohuwar ledar kujerar mota, ta tsage an ɗaure da roba. Sandar ƙarfe ce mai walda ya haɗa, a kowane gefe an zura faifan birkin babbar mota, ko gwangwanin fenti da aka cika da siminti ya daskare. Akwai guntun madubi jingine da bango. Mutum ɗaya na kwance yana turawa, biyu na tsaye a kansa suna ƙirga masa, suna cewa "saura biyu, kar ka sake." Babu abin da ke cin wuta sai ƙwan fitila ɗaya. Ƙarfe ba ya lalacewa, ba ya neman kayan gyara daga China, wanda aka saya yau jikan mai shi zai iya ɗagawa. Ana biya ne kullum, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko a mako, wani ma bashi yake ci har sai ya samu. Masu zuwa samari ne: ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da na jami'ar tarayya da ke Kalgo, 'yan kabu-kabu, masu shirin zuwa tantancewar soja ko ɗan sanda, 'yan dambe da 'yan kokawa masu son ƙara ƙarfin damtse. Kada a raina asalin wannan nau'i. Gold's Gym, wanda sunansa ya zagaye duniya, haka Joe Gold ya fara shi a 1965 a Kalifoniya, da ƙarafan da ya haɗa da hannunsa.

Ribarsa kaɗan ce amma ba ta yankewa, kuma faɗuwarsa ba ta da zurfi. Inda matsalarsa take shi ne wajen ilimi. Sau da yawa kocin shi ne wanda ya fi kowa faɗin ƙirji, ba wanda ya san yadda ake kare ƙugu da kafaɗa ba. Yaro ɗan shekara 16 zai zo a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa don kada a yi masa dariya. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne cinikin bayan fage. Da yake kuɗin shiga ba ya kawo wani abin kirki, wasu sai su koma sayar da garin ƙara tsoka da ba a san asalinsa ba, da ƙwayoyin sha-ka-fashe, har da alluran da ke kumbura jiki cikin 'yan makonni. Waɗannan alluran na taɓa hanta da zuciya, suna tayar da hawan jini, suna kuma iya rage wa namiji ƙarfin haihuwa. Saurayin da ke neman ya cika riga kafin Sallah ba ya jin wannan, sai daga baya. Duk mai irin wannan wuri da ke son ya daɗe da mutuncinsa, ya hana wannan ciniki a rumfarsa, ko da zai rasa wasu yaran.

Na otal ba sai an daɗe a kansa ba. Ɗaki ne da injuna uku ko huɗu, an ajiye su kamar jeren kwanonin amarya, don baƙo ya gani ya san gidan ya cika. Kuɗinsa na cikin kuɗin kwana, ba a tambayarsa riba. Haka na bariki da na jami'a da na filin wasa: gwamnati ko hukuma ce ta saya, mai amfani ba ya biya ko yana biyan kaɗan. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne waɗannan abokan gasa ne da ba sa tsoron faɗuwa. Haka ma titi. Mutum zai iya fita bayan asuba ya zagaya filin wasa na Haliru Abdu, ko ya bi bakin hanya da abokansa ranar Asabar, bai biya ko kwabo ba. Duk wanda zai karɓi kuɗin mutane sai ya ba su abin da titi ba zai ba su ba.

Wannan ya kawo mu ga nau'in da kayansa kaɗan ne, kocin shi ne hajar. Ɗaki ne fili, tabarmin roba, igiyar tsalle, 'yan ƙarafan hannu, tsohuwar tayar tirela. Mutum 10 zuwa 15 suna shiga lokaci guda, awa ɗaya, koci na gaba yana ba da umarni. A waje, CrossFit da Greg Glassman ya kafa a 2000 shi ya fi shahara da wannan. Kamfanin ba ya gina zaure, sunansa yake bayarwa haya, mai wuri ya biya kuɗin shekara ya liƙa sunan a ƙofa. Sunan ba zai yi wa kowa amfani a Jega ko Argungu ba, ba wanda zai ƙara naira ɗaya saboda shi. Amma dabarar tana da amfani: mutane na dawowa ne saboda mutane. Idan Alhaji bai zo ba kwana biyu, 'yan ajinsu za su kira shi. Rauninsa ɗaya ne, kuma babba: ran da kocin ya yi fushi ya tafi, da ɗalibansa yake tafiya. Mai jarin da ba shi ne kocin ba, ya ba shi kaso a cikin ciniki tun farko, albashi kaɗai ba zai riƙe shi ba. Daga wannan reshe ne ake samun kocin da ke bin manya gida, da mai tura darasi ta WhatsApp, waɗanda ba su da haya ko kaɗan.

Akwai kuma wani da ba a cika lissafa shi cikin gidajen motsa jiki ba, alhali kuɗin samari ɗaya suke nema: ƙaramin filin ƙwallo mai ciyawar roba da ake haya da awa, irin waɗanda suka cika Kano da Kaduna da Abuja. Mutum 10 su haɗa kuɗi, kowa ya ba da kaɗan, su buga awa ɗaya da dare. Ya dace da yadda muke biyan kuɗi fiye da kowane tsari: ka zo, ka biya, ka yi, ka tafi. Ba sai an roƙi kowa ya so ƙwallo ba.

Duk waɗannan, kalandar gari ce ke juya su. A Turai watan Janairu ne kakar masu wannan sana'a. Mu namu daban ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, rumfar kwano ba ta shiguwa daga hantsi har la'asar. Da azumi safiya ta mutu, sai bayan tarawihi ake samun mutane, wasu wuraren ma rabin masu zuwa ba sa dawowa sai bayan Sallah. Da damina mai gona ya tafi gona, kuma wanda ya wuni a fadamar shinkafa ba ya bukatar injin kowa. Idan makarantu suka yi hutu, rumfar ƙarfe ta yi shiru. Idan albashi ya yi jinkiri, mai zaure ya ji a aljihunsa. Wanda zai yi lissafin shekara, kada ya ninka cinikin wata mai kyau sau 12.

Yanzu ga inda nake ganin bukata ta fi yawa, masu jari kuma suka fi kau da kai: mata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, mata kashi 34, maza 29. A garuruwanmu namiji na da titi da filin ƙwallo da rumfar ƙarfe. Matar aure a cikin birni, wadda injin niƙa ya ɗauke mata daka, famfo ko mai kura ya ɗauke mata jan ruwa, ina za ta? Ba za ta shiga zaure da maza ba, mijinta ba zai yarda ba, ita ma ba ta so. Ware wa mata awa biyu a zauren maza ba ya warware komai, muddin maigadi da mai karɓar kuɗi da kocin maza ne, ga kyamara a kusurwa. Sai ta koma shan shayin rage tumbi da ake talla a waya, wanda ba ta san abin da ke cikinsa ba.

Wurin mata zalla ba sabon abu ba ne, ba kuma namu kaɗai ba. Kamfanin Curves ya fara a Texas a 1992 da wannan tunani: mata kawai, zagaye na minti 30, injuna marasa amfani da wuta, ƙaramin ɗaki a cikin unguwa, ya kuma kai dubban rassa a duniya. Abin da mace ke saya a irin wannan wuri sutura ce da kwanciyar hankali. Gida mai katanga a cikin unguwa, wanda za ta iya zuwa a ƙafa ko da ɗan kuɗin Keke Napep. Mace a ƙofa, mace a gaban aji. Akwatin da kowa ke ajiye wayarta kafin ta shiga, don kada hoton wata ya fita. Lokaci daga ƙarfe 9 zuwa 12, bayan yara sun tafi makaranta, kafin girkin rana, da wani bayan la'asar ga ma'aikata. Ɗan ɗaki da tabarma inda mai goyo za ta kwantar da jariri. Batun kiɗa ma a yi shi da shawara, don akwai wadda saboda shi kaɗai za ta fasa zuwa. Kuɗin kafa irin wannan bai kai na injin gudu uku sababbi ba. Kuma mata in suka amince da wuri, da ƙawa da ƙanwa da matar wa suke zuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne horarrun mata masu koyarwa, kuma nan ne ya kamata mai jari ya fara kashe kuɗinsa, ya ɗauki wadda ta karanta ilimin motsa jiki da lafiya a kwalejin ilimi ya ƙara tura ta horo. Ta fuskar addini kuwa, hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da ake nema tsari ne da ya kiyaye mutunci.

Dab da wannan akwai masu zuwa da umarnin likita. Ɗan shekara 50 da aka gaya wa yana da hawan jini ko ciwon suga, aka ce ya riƙa motsa jiki, ya fito daga asibiti bai san ta inda zai fara ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wannan mutumin ba ya neman ƙirji, ba zai je rumfar samari ba, kuma a babban zaure ba wanda zai kula da shi. Amma shi ne kwastoman da ba ya cewa sai bayan Sallah, domin ya ga abin da shanyewar ɓarin jiki ta yi wa abokinsa. Yana da abin biya, in ma ba shi da shi 'ya'yansa za su biya. Wurin da zai karɓe shi sai ya haɗa kai da likitan gashin ƙashi (fisiyo) mai rajista, ko da sau biyu a mako zai riƙa leƙowa, ya tsara wa kowa abin da ya dace da shi. A ajiye na'urar awon jini a bakin ƙofa, a auna kowa kafin ya fara, a rubuta a katinsa. Wanda jininsa ya hau sosai a ranar a ce masa, "Baba, yau a huta, a koma wajen likita." Mai ciwon suga a tambaye shi ko ya ci abinci, a kuma tanadi abin zaƙi a kusa saboda faɗuwar suga. Keken zaune biyu, wurin tafiya mai inuwa, robobin ja, da kujerar hutawa sun isa a fara, kuma duk cikinsu babu mai bukatar janareta.